Kafin ka miƙa dosiyen neman tallafi: wa zai mallaki dubararka?

Jama'a, a ƴan shekarun nan kiran neman tallafi ya yawaita. Yau ka ji wani furoje ya buɗe ƙofa, gobe wata ƙungiya ta waje, jibi wani asusu na gwamnati. Duk maganar ɗaya ce: masu ƙananan masana'antu, ƙungiyoyin mata da matasa masu sabuwar dubara su kawo dosiye, wanda aka zaɓa a ba shi kuɗi ya yi bincike, ya gwada abin da ya ƙirƙiro, ya gyara shi har ya kai kasuwa. Wannan abin alheri ne.

Sai dai akwai tambaya biyu da mai dubara ke kwana da su a rai. Ta farko: in na rubuta sirrina na aika, aka hana ni kuɗin, gobe kuma na ga abina a kasuwa da sunan wani, ina zan kai kuka? Ta biyu: in an ba ni kuɗin, abin da binciken ya haifar nawa ne ko na mai kuɗi?

Abin da muke son ku riƙe shi ne, maganar mallaka ana gama ta ne tun kafin a aika dosiye, kuma tun kafin a sa hannu a yarjejeniya. In aka bar ta sai kuɗi sun shigo, to galibi an makara.

Darasin albasar Galmi

Mu fara da abin da ya faru a gida. Kowa ya san albasar Galmi ta jahar Tawa, wadda ake lodi zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Manoman yankin ne suka yi ta zaɓen irinta shekara da shekaru. A 2006 wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya ajiye takarda yana neman a ba shi mallakar irin da sunan Violet de Galmi. Sai a 2009 maganar ta fito fili, ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi suka ƙalubalanci abin, kamfanin ya rasa wannan suna. Daga baya ne aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu, aka kuma ba cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi tambarin haɗin gwiwa.

Ku lura, a nan ƙasa ce sukutum ta tsaya, da ministoci da masana. Mai walda ɗaya a Tasawa, ko ƙungiyar mata a Mirriya, ba su da wannan ƙarfi. Su rigakafi ne kawai zai fisshe su.

Wace doka ce ke kāre mai ƙirƙira a Nijar?

Nijar na cikin ƙungiyar OAPI, mai kula da mallakar fasaha, wadda cibiyarta ke Yawunde a Kamaru. Yarjejeniyar Bangi ta ranar 2 ga Maris 1977 ce dokarta, an yi mata gyara a 1999 da kuma 2015. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi, Togo, Senegal da Kodebuwa. Amfanin haka shi ne, takarda ɗaya in ka ajiye, ta rufe maka ƙasashen nan duka. Ba sai ka tafi Yawunde ba, a Yamai akwai hukumar AN2PI da ke karɓar takardu ta miƙa.

Kāriyar iri-iri ce, kowace da aikinta.

Akwai takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake ce wa birebe. Ba birebe na ƴan kwaleji ba fa, suna ne ya zo ɗaya. Ana ba da ita ga sabuwar husa'a, kamar inji ko sabuwar hanyar sarrafa wani abu. Tana ɗaukar shekara 20 daga ranar da aka ajiye takarda, kuma kowace shekara sai an biya kuɗin riƙe ta, in ba a biya ba ta faɗi. Sharaɗinta uku: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda kowane mai sana'ar zai gano da kallo ɗaya ba, kuma a iya ƙera shi ko a yi aiki da shi.

Akwai ƙanwarta, ta gyaran kayan aiki, mai shekara 10. Ita ta fi dacewa da maƙera da masu walda da ke yi wa garma ko injin sussuka ƙarin da ke sauƙaƙa aiki.

Akwai rajistar suna da tambarin kaya, shekara 10, ana sabuntawa iya son mai shi. Akwai rajistar zane da siffa, ta dukawa da maɗinka da maƙeran farfaru, shekara 5, ana iya sabuntawa sau biyu. Rubutu da waƙa da manhajar kwamfuta kuwa haƙƙin marubuci ne ke kāre su tun daga ranar da aka yi su, kuma hukumar BNDA ce ke kula da wannan fanni.

Abu biyu ne mutane ke yawan kuskure a kansu. Na ɗaya, ra'ayin da ke cikin kai ba shi da takarda. Don ka ce "ni na fara tunanin a yi taliya da gero", doka ba ta hana wani yi. Abin da ake kārewa shi ne hanyar da ka bi ta zahiri. Na biyu, rajistar kamfani da samun lambar biyan haraji ba su kāre injinka ko tambarinka ba. Wannan ƙofa daban, waccan daban.

Baki shi ke yanka wuya

Mu ɗauki misali. A ce wani mai walda ya ƙera injin ɓarar gyaɗa da ba ya fasa ƙwaya, saboda wata dubara da ya yi wa ƙarfen da ke juyawa a ciki. Murna ta kama shi, ya ɗauki bidiyo da talho ya buɗe cikin injin yana bayani, ya zuba a Facebook da WhatsApp. Bayan wata shida ya je neman birebe. To, a idon doka injin nan ya daina zama sabo, domin shi da kansa ya bayyana wa duniya. Duk abin da jama'a suka riga suka gani ko suka ji kafin ranar ajiye takarda, a ko'ina a duniya, ta rubutu ko ta baki ko ta sayarwa, ya fita daga sahun sabo.

Yarjejeniyar Bangi ta yi rangwame a wuri biyu kawai, cikin wata 12 kafin a ajiye takarda: in wani ne ya ci amanarka ya fallasa, ko kuma in ka nuna abin a baje-kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Kar mutum ya jingina da wannan. Ba kowace kasuwar baje-koli ce ta cika sharaɗin ba, tabbatar da cin amana gaban alƙali kuma aiki ne mai tsada.

Har mu ƴan rediyo maganar ta shafe mu. In kun zo ɗakin watsa shirinmu da sabon abu, ku faɗi amfaninsa, ku yi tallarsa, amma in mun tambaye ku yadda cikinsa yake kuma ba ku ajiye takarda ba, ku ce mana sai nan gaba. Ba za mu ji haushi ba.

Wani abin kuma, a tsarin OAPI wanda ya riga ajiye takarda shi ke gaba. In mutum biyu suka gano abu ɗaya kowa da kansa, ranar da ke kan rasiɗi ce ke raba gardama. Don haka in abinka ya cancanci birebe, abin da ya fi shi ne ka ajiye takardar kafin ka aika dosiyen neman tallafi. Ba sai birebe ɗin ya fito ba, ranar ajiyewa ce ke da muhimmanci. Ga ƴan ƙasashen ƙungiyar masu ƙaramin ƙarfi akwai sassaucin kuɗi, sai ku tambaya a hukumar da ke Yamai.

Ba komai ne ake kaiwa rajista ba

Birebe musaya ce: hukuma ta ba ka shekara 20 kai kaɗai, kai kuma ka yarda a buga bayanin abinka kowa ya karanta. Ga injin da duk wanda ya saya zai iya kwancewa ya gani, musayar ta yi riba. Ga haɗin yajin kilishi, ko ma'aunin gero da wake da gyaɗa da wata ƙungiyar mata ke zubawa a garin kunun yara, sau da yawa ɓoyewa ta fi. Kamfanin Coca-Cola da hanyar sirri ya riƙe haɗinsa fiye da shekara 100. Doka na kāre sirrin sana'a daga wanda ya same shi ta hanyar ha'inci, amma sai in an ga kai ma ka yi tattalinsa: ba kowa ke shiga wurin haɗi ba, masu aiki sun sa hannu ba za su fitar ba. Sirrin da ka rubuta dalla-dalla a dosiye ba tare da wani sharaɗi ba, kai ka sake shi.

Yadda za a rubuta dosiyen

To, ai mai ba da kuɗi ba ya sayen biri a sama. Dole ya ga wani abu kafin ya yarda. Dubarar ita ce ka bambanta abin da kayanka ke yi da yadda yake yin sa.

Mai injin ɓarar gyaɗa zai iya rubuta buhu nawa injin ke ɓarewa a awa, kashi nawa na ƙwaya ke fashewa in an gwada da na kasuwa, man da yake sha, kuɗin ƙera shi, su wa suka gwada, da abin da yake son ya bincika da kuɗin. Wannan ya isa a auna shi. Girman ƙarfen ciki da kwanar da ya lanƙwasa shi, waɗannan su zauna gida. Hoton da za a haɗa ma a ɗauke shi injin na rufe.

Kafin ka cika takarda, karanta ƙa'idojin kiran har ƙarshe, ko ka sa wanda ka amince da shi ya fassara maka. Nemi amsar waɗannan: su wa za su karanta dosiyen? Sun sa hannu kan riƙe sirri? Me ake yi da dosiyen waɗanda ba a zaɓa ba? Akwai layin da ke cewa duk abin da aka aiko, masu kiran na da izinin amfani da shi? In akwai irin wannan layi, to aikawar ma kaɗai yarda ce.

Yawancin manyan masu ba da tallafi ba sa sa hannu a takardar riƙe sirri da kowane mai nema, saboda dosiye ɗaruruwa suke karɓa. Amma da yawa sun yarda a yi wa shafukan sirri alama. In an ba da wannan dama, yi amfani da ita, ka ware bayanin a shafi na daban ka rubuta a samansa cewa sirri ne. Taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko kuwa, ka rubuta shi kamar za a karanta a kasuwa, don shi ne ake bugawa in ka ci. Haka ranar da za a tara ku gaban alƙalan gasa da ƴan jarida: taron jama'a ne, abin da ka faɗa a nan ya fita.

Ka kuma riƙe littafi mai ɗinkakkun shafuka, kana rubuta kowane gwaji da kwanan wata, da zane da hotuna da rasiɗan kayan da ka saya. Littafin ba ya maye gurbin birebe, amma shi zai nuna abin da ke hannunka tun kafin kuɗin kowa su shigo.

An zaɓe ka: yanzu sai yarjejeniya

Nan ne aka fi yin asara, don murna kan hana karatu. Duba wurare huɗu.

Na farko, abin da ka zo da shi. A rubuta shi a jere cikin yarjejeniyar, a ce wannan naka ne tun farko kuma yana nan naka.

Na biyu, abin da binciken zai haifar. Naka ne, na mai kuɗi ne, ko na tarayya? In na tarayya ne, kashi nawa, wa zai biya kuɗin rajista, kuma ɗaya zai iya ba wani kamfani lasisi ba da sanin ɗayan ba? Ka kula da sunan da aka ba takardar. Tallafi daban, kwangilar aiki daban. A ƙa'idar da aka fi bi, in an ɗauke ka kwangila ka ƙirƙiro wani abu kuma takarda ba ta ce komai ba, mai ba da kwangilar ne ke da shi. Haka ma'aikacin da aka ɗauka don bincike, abin da ya gano a bakin aikinsa na mai gidansa ne.

Na uku, bugawa. In za ku yi aiki da malaman jami'a, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko masu binciken INRAN, ku sani su aikinsu ya haɗa da wallafa sakamako, ɗalibi kuma sai ya kāre kundinsa gaban jama'a. Ba mugunta ba ce, haka tsarinsu yake. Sai a rubuta cewa za a nuna maka kafin a wallafa, a kuma jira ka ajiye takardarka.

Na huɗu, sharaɗin mai kuɗi. Gidauniyar Gates, alal misali, tana sa sharaɗin a yaɗa ilimin da aka samu kuma kayan su isa ga mabuƙata a farashi mai sauƙi. A Amurka, inda wasu ƴan uwanmu ke da kamfanoni, akwai shirin SBIR da aka kafa a 1982 don ba ƙananan kamfanoni kuɗin bincike. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bar wa kamfanin mallakar abin da ya ƙirƙiro, da sharaɗin ya sanar da hukumar da ta ba shi kuɗi cikin wata 2 bayan mai ƙirƙirar ya shaida wa kamfanin a rubuce, ya kuma bayyana cikin shekara 2 cewa zai riƙe. Gwamnati na da izinin amfani da abin don buƙatunta ba tare da biya ba, kuma wanda ya yi sakaci da wa'adi na iya rasa mallakar. Mun kawo wannan ne don ku ga cewa ana iya raba abin a fili: mallaka ga mai ƙirƙira, izinin amfani ga mai kuɗi. Irin wannan rabo za ku iya nema ku ma.

Abubuwa biyu da muka sani a gida sun nuna nauyin wannan magana. Plumpy'Nut, cimakar yara masu tamowa da ta ceci dubban yara a jahar Maraɗi a 2005, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Kamfanin Nutriset na Faransa da cibiyar bincike ta IRD ne suka mallaki birebe ɗinta tare, don haka kamfanin STA na Yamai da yarjejeniya da masu ita ya riƙa yin ta. Buhun PICS mai ciki uku na ajiyar wake kuwa, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007 tare da masu bincike na nan ciki har da na INRAN, sunansa da tambarinsa rajistattu ne, sai kamfanin da aka ba lasisi ke buga su a buhu. Abin da aka rubuta lokacin bincike shi ya tsara wanda zai ƙera da wanda zai sayar shekaru da yawa bayan haka.

Tsakanin ƴan uwa ma a rubuta

Wannan ɓangaren na ƴan uwanmu mazauna waje ne. Sau da yawa ƙane ne ke da dubara a gida, yaya kuma yana Faransa ko Amurka ko Legas, shi ke aiko kuɗin ƙarfe, shi ya iya nasaranci, shi ke cika dosiye a intanet. Da sunan wa aka cika? In sunan yaya ne ke kan komai, a idon masu ba da kuɗi shi ne mai abu. Yau ana zaman lafiya. Ranar da riba ta zo, ko aka zo rabon gado, takarda za a duba.

Mai ƙirƙira daban, mai mallaka daban. Wanda ya zuba kuɗi bai zama mai ƙirƙira ba, amma ana iya ba shi kaso a mallaka in an yarda. Ku zauna ku rubuta: wane ne ya ƙirƙiro, wa ke da kashi nawa, kuɗin da aka aiko rance ne ko jari ko kyauta. A sa hannu gaban shaidu, a kai a buga hatimi. Haka ƙungiyoyin mata: tambarin garin kununku ya kasance da sunan ƙungiya mai rajista, kar ya zama da sunan shugaba ko na yaron da ya taimaka muku da kwamfuta. Shi ma wanda ya zana muku tambarin ya rubuta cewa ya sallama muku shi.

Ku tuna da iyaka kuma. Najeriya ba ta cikin OAPI, Gana ma haka. Takardar da ta rufe ka a Maraɗi ba ta rufe ka a Jibiya ko Katsina ko Kano ba, alhali can ne babbar kasuwarmu. Najeriya na da nata ofishin rajista a Abuja. Yarjejeniyar Paris, wadda ƙasashen biyu ke ciki, ta ba ka wata 12 ga birebe, wata 6 ga tambari ko zane, ka je ka ajiye a can a ƙirga maka daga ranarka ta farko. Ɗan uwan da ke Kano ko Abuja zai yi amfani ƙwarai a nan.

In binciken ya shafi tsirrai da sanin gargajiya, kamar zogale, aduwa, hanza ko maganin da aka gada daga kakanni, to akwai haƙƙin al'umma a ciki. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014 kuma Nijar ke cikinta, ta ce sai da izini tun farko da kuma yarjejeniyar raba amfani. Kar mutum ɗaya ya sa hannu ya ba da abin gari, kar kuma a bar baƙo ya kwashi iri ko sassaƙe ba takarda.

Ba muna cewa ku ji tsoron neman tallafi ba. Yawancin masu bayarwa ba sata ta kawo su ba, kuma dubarar da aka rufe a ɗaki ba ta ciyar da kowa. Ku nema, amma a bi abin daki-daki: a fara da littafin gwaji da takardar tsakanin ƴan uwa, a nemi shawarar hukumar da ke Yamai ko ta lauya kan abin da za a kai rajista da abin da za a ɓoye, sannan a aika dosiye. In an kawo yarjejeniya, ku roƙi kwana biyu ko uku ku tafi da ita gida a karanta muku. Mai niyyar alheri ba zai hana ku wannan ba. Allah ya sa wa sana'a albarka.